Daga Kasuwar Kano Zuwa Dutsen Wusasa: Isawa da Farin Ciki a Cikin Tsanani

A zangunan Accra, birnin da tsofaffin fatake ke kira Ankara, wato Nima da Maamobi da Sabon Zango har zuwa Old Fadama da ke gefen tafkin Korle, idan aka ce wane Bahaushe ne, to an gama faɗin addininsa ke nan. Kiristocin da ake maƙwabtaka da su akasari Ga ne, ko Ewe, ko Konkomba, ko Frafra. Suna jin Hausar kasuwa, amma ba wanda zai kira su Hausawa. Zaman kuwa na lafiya ne gwargwado. A watan Afrilun 2019 Babban Limamin Ghana, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, yana gab da cika shekara 100, ya shiga cocin Katolika na Christ the King ranar Ista, ya zauna cikin jama'a aka karrama shi, ya koma gida lami lafiya. Saboda haka wanda ya tashi a zango yana iya jin zancen Bahaushe Kirista kamar tatsuniya, balle a ce masa an tsananta wa wannan Bahaushen saboda imaninsa, shi kuma yana cewa ya sami farin ciki a cikin tsananin. Labarin kuwa yana da gari, yana da shekara, kuma ya faro ne tun kafin wani ɗan mishan ya sa ƙafa a birnin Kano.

Sarkin Kano Abdullahi, wanda aka fi sani da Maje Karofi, ya hau karaga a 1855, kimanin shekara 50 bayan fara jihadin Shehu Usmanu. Zuwa lokacin zumuɗin farko ya lafa, ƙananan malamai da talakawa sun fara gunagunin cewa harajin da aka yi yaƙi don a kawar ya dawo da sabon suna. Tun wajen 1846 wani malami a Tsakuwa, Malam Hamza, ya ƙi biyan kuɗin ƙasa, ya kwashi almajiransa suka shige duwatsun Ningi. Daga can ne aka kafa daular da ta riƙa kai wa Kano da Bauchi da Zazzau hari shekara da shekaru. Ga kuma ƙarni na 13 na Hijira yana gangarawa, zai ƙare a 1882, mutane na ta lissafin bayyanar Mahadi da saukowar Annabi Isa. A irin wannan yanayi, malamin da ya tara jama'a yana yi musu wa'azin da ba na fada ba, to fada za ta sa masa ido ko da Fatiha kawai yake koyarwa.

Malam Ibrahim yana cikin malaman birnin Kano na wannan zamani. Abin da zuriyar almajiransa suka riƙe shi ne, yana cikin nazarin Alƙur'ani sai ayoyin da suka yi magana a kan Annabi Isa suka tsaya masa a rai: haihuwarsa ba uba, kiransa Kalma da Ruhi daga Allah, warkar da makaho da kuturu, tayar da matattu da izinin Allah, da ɗauke shi zuwa sama. Ya kai ga ganin cewa darajar Isa ta wuce inda sauran malamai suka ajiye ta, ya kuma fara faɗin haka a fili. Mabiyansa suka riƙa kiran kansu Bani Isra'ila, jama'a kuma suka sa musu suna Isawa. Aka kai ƙararsa, aka nemi ya janye, ya ƙi. A wajajen 1867 aka tsire shi a kasuwar Kano. Tsirewa, ga wanda bai sani ba, ita ce a kafa itace mai tsini a ɗora mutum a kai, a bar shi a bainar jama'a har rai ya yi halinsa. Hukunci ne na 'yan fashi da 'yan tawaye, an tanade shi don ya zama abin tsoro da abin kunya a lokaci guda. Almajiransa sun ce kafin ya cika ya bar musu wasiyya cewa su jira, Allah zai aiko da masu kawo cikakken labarin Isa.

A nan ya kamata a tsaya a yi adalci ga tarihi. Malam Ibrahim bai taɓa shiga coci ba, ba a yi masa baftisma ba, kuma littafin da ya dogara da shi Alƙur'ani ne. Ian Linden, masanin da ya bi diddigin Isawa a shekarun 1970, ya sanya su cikin jerin malaman da suka yi wa sarakunan bayan jihadi bore, masu alaƙa da mutanen Ningi da kuma zancen ƙarshen zamani. Labarin kuma ya iso mana ne mafi yawa ta bakin 'yan mishan, waɗanda suke da dalilin su so ya zama share fagen zuwansu. Duk wanda ya ce an kashe Malam Ibrahim ne a matsayin Kirista irin na yau ya yi wa tarihi ƙari. Wanda kuma ya ce siyasa ce tsagwaronta ya yi masa ragi, domin mutum ba ya yarda a tsire shi a kan harajin da zai iya biya ya huta. An ba shi ƙofar fita, ya ga abin da za a karɓe masa ya fi ransa tsada.

Almajiran suka watse. Wasu suka nufi Ningi, wasu suka ɓuya a ƙauyukan da ke kan iyakar Kano da Zazzau da Bauchi, suna noma, suna koyar da 'ya'yansu a asirce. Ɗaya daga cikinsu, Malam Yahaya, shi ya fi riƙe wasiyyar. Haka aka tafi har shekara 46.

Ana cikin wannan jira ne, a 1900, ayarin mishan na cocin Ingila, wato CMS, ƙarƙashin Bishop Tugwell, ya iso Kano. A cikinsu akwai wani matashin likita, Walter Miller, wanda ya koyi Hausa a Tarabulus wurin alhazai da fatake. Sarki Alu ya gan su a fada, ya ba su 'yan kwanaki su bar masa gari. Suka koma Girku a kudancin Zazzau, inda ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya mutu. Kano ta faɗa hannun Turawa a 1903, kuma mutum zai zaci daga nan ƙofa ta buɗe wa mishan. Ina! Lugga ya yi wa sarakuna alkawari a Sakkwato cewa gwamnati ba za ta taɓa addininsu ba, magadansa kuma irin su Charles Temple suka tsananta abin, suka hana 'yan mishan zama a biranen sarakuna. Tsoronsu ya ƙaru bayan Satiru a 1906, inda wani Malam Isa da mutanensa suka kashe Turawa, aka mayar da martani da shafe garin gaba ɗaya. Daga ranar duk wata ƙungiya da ke ambaton Isa da ƙarshen zamani abin zargi ce a wurin Razdan. Likita Mila, kamar yadda Zazzagawa ke kiransa, shi kaɗai ya sami zama a cikin ganuwa, a Durumin Maigarke a birnin Zariya, daga 1905. Ya buɗe ɗakin magani da makaranta. Shekara takwas yana nan, waɗanda suka bi shi ba su taka kara sun karya ba.

A 1913 wasu samari daga zuriyar Isawa suka zo wurinsa, suka ce sun ji akwai mai ba da labarin Isa, su kuma iyayensu sun bar musu wasiyyar su jira irin wannan mutum. Daga wannan haɗuwa aka yanke shawarar tara Isawan da suka yarda a wuri ɗaya. Aka zaɓi Gimi, a ƙasar Makarfi ta yau, kusa da hanyar jirgin ƙasa da ta haɗa Zariya da Kano, ƙasa mai fadama da rake. Wani fasto baƙar fata daga tsibiran Karibiyan, W. A. Thompson, ya zauna tare da su. Suka gina gidaje da makaranta da ɗakin sujada, aka yi wa da yawa baftisma, garin ya haura mutum 100. A karo na farko tun mutuwar malaminsu, suna iya faɗin abin da ke ransu da rana tsaka ba tare da waiwaye ba.

Ba sarki ne ya tashi Gimi ba, ba kuma Razdan ba. Ƙudan tsando ne. Fadamar da ke ba su rake, da kurmin da ke bakin rafin da suke ɗiban ruwa, nan ne matattarar ƙudan da ke kawo ciwon barci. Yakan fara da zazzaɓi da ciwon kai da kaluluwa a wuya, sannan mutum ya riƙa gyangyaɗi da rana yana kasa barci da dare, hankali ya gushe, jiki ya rame, sai mutuwa. Magani mai aiki bai yaɗu ba sai a shekarun 1920. Cikin 'yan shekaru mafi yawan mutanen Gimi suka mutu, zuwa farkon shekarun 1920 aka bar garin, marayu suka koma makarantar Mila a Zariya. Cutar ta yi wa yankin duka irin wannan ɓarna, har daga baya gwamnati ta kafa shirin Anchau a 1937, ta sare kurmi, ta gina sabon gari mai suna Takalafiya. Amma a lokacin da mutanen Gimi ke binne junansu ba wanda ya san da wannan.

Mai karatu ya sa kansa a matsayin wanda ya tsira. Kakanka ya gudu daga Kano, ubanka ya rayu a ɓoye yana jiran alkawari, alkawarin ya cika a zamaninka, ka bar dangi ka koma garin masu bi, sai ga matarka da 'ya'yanka suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ba sai an gaya maka abin da ake faɗi a ƙauyukan da ke kewaye ba: alhakin ridda ne. A ganina wannan ya fi tsirewa nauyi, domin wanda sarki ya kashe ya san maƙiyinsa, ya kuma san dalili, shi kuwa wannan da Allahn da ya bi ne ake yi masa gori. Hanya mafi sauƙi ita ce mutum ya koma gida ya ce ya tuba, dangi su karɓe shi hannu biyu. Wasu da suka tsira ba su koma ba. Tambayar ita ce me suka riƙe.

Haƙuri dai ba baƙo ba ne a wurin Bahaushe. Mun ce shi ne maganin zaman duniya, mun ce mahaƙurci mawadaci. Musulmi kuma ya san mutanen ramin wuta da Suratul Buruj ta ambata, waɗanda malaman tafsiri da yawa suka ce Kiristocin Najran ne da sarki Zu Nuwas ya ƙona a wajajen 523, kuma duk yaron da ya yi karatun allo ya wanke wannan sura. Ya san Bilal a ƙarƙashin dutse, ya san hijirar farko zuwa Habasha inda sarki Kirista ya ba sahabbai mafaka. Saboda haka jure wa azaba saboda imani abu ne da addinan biyu suke girmamawa. Sai dai Littafi Mai Tsarki ya ƙara wani abu a kan haƙuri wanda kunne bai saba da shi ba, wato murna. A wa'azin kan dutse, a sura ta 5 ta Matiyu, an kira waɗanda ake tsananta wa masu albarka, an ce su yi farin ciki. A Ayyukan Manzanni an ba da labarin manzannin da aka yi wa bulala suka fita daga majalisa suna murna don an ga sun isa a wulaƙanta su saboda sunan Almasihu. Wasiƙar da ta fi kowace ambaton farin ciki a cikin wasiƙun Bulus, wato ta Filibiyawa, daga kurkuku aka rubuta ta. Mai haƙuri yana jiran wahala ta wuce ne a saka masa. Waɗannan nassoshi kuwa suna cewa a cikin wahalar kanta akwai rabo, domin mai shan ta yana tarayya da Almasihu a hanyar da shi ma ya bi.

To, a nan ne nake ganin labarin Isawa ya bambanta da na sauran. Su daga Alƙur'ani suka taso, inda Annabi Isa ba a gicciye shi ba. Isan da Malam Ibrahim ya ɗaukaka mai mu'ujiza ne, wanda aka ɗauke sama, wanda zai dawo da nasara. A cikin wannan fahimta mutuwar malamin a kan itace a kasuwa ba ta da wani gurbi, sai dai a ce zalunci ne a yi shiru. Shekara 46 almajiransa suna ɗauke da wannan abin kunya. Da 'ya'yansu suka zauna gaban Mila da Thompson, babban sabon abin da suka ji shi ne gicciye: cewa a akidar Kirista, Isan da suke jira shi ma hukuma ce ta kafa shi a kan itace a bainar jama'a, da hukuncin 'yan fashi da 'yan tawaye, bayan malaman garinsa sun kai ƙararsa. Ba na jin akwai wata al'umma a ƙasar Hausa da wannan labari zai shiga jikinta kamar su. Mutuwar da suka gada a matsayin faɗuwa sai ta koma kama da ta wanda suke bauta wa. Idan mutum ya riga ya karɓi wannan, to kaburburan Gimi ba za su zame masa hujjar cewa Allah ya juya baya ba, tunda a wurinsa wanda Allah ya fi ƙauna ma ta nan ya bi. Farin cikin da Kirista ke nufi a nan ba dariya ba ce a gidan makoki. Natsuwa ce ta wanda ya tabbata wahalarsa ba ta zuba a ƙasa a banza ba.

Musulmi ba zai yarda da tushen wannan ba, kuma ba a nemi ya yarda ba. Amma wanda yake son ya fahimci maƙwabcinsa dole ya san abin da ke riƙe da shi.

A 1929 gwamnatin mulkin mallaka ta cimma burinta na fitar da mishan daga cikin birnin Zariya. Aka ba su fili a Wusasa, gindin dutse, bayan ganuwa. Mila bai so ba, ya ga kamar an kori Linjila daga cikin jama'a ne an kai ta daji, ya bar Zariya ya koma Kano ya duƙufa kan fassara, har Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito cikakke a 1932. Mutum ne mai kaifin harshe, bai raga wa sarakuna ba, bai raga wa Turawa 'yan'uwansa ba, kuma wani ɓangare na ƙiyayyar da mabiyansa suka sha shi ya jawo musu. Ya mutu a 1952 a Bukuru. A Wusasa kuwa magina Hausawa suka gina cocin St. Bartholomew da tubalin ƙasa da azara, da bakan gizo irin na soron sarakuna, wanda in ka shiga za ka rantse zauren wani hakimi ne. Aka kafa asibitin St. Luke da makaranta.

Abin da ya fito daga wannan ɗan ƙaramin gari ya fi ƙarfin girmansa. Dakta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, wanda ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa a farkon kafa ta, kuma babban asibitin Kaduna ke ɗauke da sunansa, ɗan wannan al'umma ne. John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, ɗaya daga cikin littattafan farko na ƙagaggen labari a Hausar boko, shi ma haka. Ɗalibai nawa ne suka karanta littafin a makaranta ba su san marubucinsa Kirista ba ne? Janar Yakubu Gowon a nan ya tashi, mahaifinsa mai wa'azi ne da ya zo daga ƙasar Angas. Sai Farfesa Ishaya Audu, wanda aka haifa a Anchau a 1927, jinin Isawa ne kai tsaye. Ya zama likitan yara, ya riƙe Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya zama ministan harkokin waje a 1979. Shekara 99 ke nan tsakanin tsire Malam Ibrahim da ranar da jikan almajiransa ya zauna a kujerar shugaban babbar jami'ar Arewa. Kiristocin Wusasa suna karanta wannan a matsayin amsar Allah. Masanin tarihi zai ce sun riga kowa samun boko ne a lokacin da sarakuna ke ɗari-ɗari da shi. Ban ga abin da ya hana duka biyun zama a zaure ɗaya ba, tunda abin da ya tura marayun Gimi makarantar Mila shi ne mutuwar iyayensu.

Kada nasarar waɗannan ta rufe mana ido. Yawancin Hausawa da Fulanin da suka zama Kirista ba su zama ministoci ba, kuma tsananin da suka sani ba na takobi ba ne. Na cikin gida ne: a raba mutum da matarsa, a cire shi daga gado, a ƙi ba ɗansa aure, a ware masa ƙwarya, in ya mutu a rasa inda za a binne shi. Kalmar Nasara ma ta yi musu illa. Alhaji Umaru, malamin da aka haifa a Kano a 1858, ya zauna a Salaga, ya rasu a Kete-Krachi a 1934, wanda mutanen zango suka sani sarai, ya yi waƙa a kan zuwan Nasara, kuma abin da yake nufi shi ne Turawan da suka ci ƙasa da bindiga. Kalma ɗaya ta haɗa mai addini da mai mulki. Don haka Bahaushen da ya shiga coci ana ganinsa kamar ya koma bayan maƙiyi ne, alhali Razdan ɗin da ake jingina shi da shi ba ya ko son ganinsa. Yau ma suna tsakanin wuta biyu: a gida a ce sun bar Hausanci, in rikici ya tashi a garuruwan da Kirista suka fi yawa a dube su a ce ai Hausawa ne. Shi ya sa suka zaɓar wa kansu suna daga cikin harshen, Masihiyawa, suka kafa Tarayyar Masihiyawan Nijeriya, wadda ke yawan kuka a kan wahalar samun filin gina coci da takardar shaidar zama ɗan asalin gari.

Wata ƙofar da mutane da yawa suka shigo ta ita ce ta kuturta. Daga 1937 gwamnati da sarakuna suka miƙa wa mishan na SIM kula da zaman kutare a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato. Sunan Yadakunya kaɗai ya isa bayani. Waɗanda dangi suka riga suka nesanta sun ji wa'azin Almasihun da ya taɓa kuturu da hannunsa, wasu suka warke suka koma ƙauyukansu da akwatin magani da Linjila. Shobana Shankar ta rubuta tarihinsu a littafin da ya fito a 2014, Barbara Cooper kuma ta yi irin wannan aiki a kan Kiristocin Maraɗi da Tsibiri a 2006.

Zamanin jini ya dawo a ƙarshen ƙarni. Rikicin da ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ranar 6 ga Maris 1987 ya ci Musulmi a can, sannan ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, aka ƙona coci sama da 100, Wusasa ma ba ta tsira ba. Ranar 29 ga Afrilun 2012 'yan bindiga suka buɗe wuta a kan masu sujada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero. A Janairun 2015 aka ƙona coci-coci da dama a Damagaram da Yamai cikin kwana biyu, saboda zanen ɓatancin da wata jarida ta yi a Faransa, abin da Kiristan Nijar bai san hawa ba bai san sauka ba. Wanda zai ba da wannan lissafi da gaskiya dole ya haɗa da Musulmin da aka kashe a Yelwan Shendam a 2004 da Zonkwa a 2011, da masallatan da bam ya tashi da su a babban masallacin Kano ranar 28 ga Nuwamban 2014. Dole kuma ya ambaci Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi, wanda a Yunin 2018 ya ɓoye Kirista sama da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana a shiga.

A wannan zamani ne koyarwar farin ciki cikin tsanani ta shiga gwaji mafi wuya, kuma ba kowa ne ya ci ba. Akwai masu wa'azin da suka mayar da ita jari, suna ƙirga gawawwaki don neman tallafi daga waje ko ƙuri'a a gida. Akwai matasan da suka ce an mari kunci na biyu, ba na uku, suka ɗauki makami. Fasto James Wuye na Kaduna yana cikinsu a da, ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992, kafin shi da Imam Muhammad Ashafa, wanda shi ma ya rasa malaminsa da 'yan'uwa a wannan rikici, su haɗu su kafa cibiyar sulhu a 1995. Akwai kuma kuskure na ɗaya gefen, wato a gaya wa wanda aka zalunta ya yi murna ya rufe baki. Nassin bai ce haka ba. Bulus ɗin da ya rubuta wasiƙar farin ciki daga kurkuku shi ne ya tsaya gaban hukuma ya nemi haƙƙinsa na ɗan ƙasar Rum, ya ɗaukaka ƙara har gaban Kaisar. Murnar da ake magana ta mai shan wahalar ce, shi zai same ta ko ya rasa ta. Ba ta wanke wanda ya yi zaluncin, ba ta kuma sauke wa hukuma nauyin kare rai.

Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda aka fara a Garkida a 1923, tana cikin cocin da akidarsu ta hana ɗaukar makami, kuma ita ce ta fi kowace shan wuta a hannun Boko Haram. Mafi yawan 'yan matan Chibok da aka sace a 2014 'ya'yanta ne. A farkon Janairun 2020 mayaƙan suka shiga Michika a jihar Adamawa suka tafi da ɗaya daga cikin fastocinta, Rabaran Lawan Andimi, shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN a ƙaramar hukumar. Bayan 'yan kwanaki suka fitar da bidiyonsa, irin wanda suka saba sa fursuna ya yi don a ji tausayi a biya fansa. Yana zaune, tutarsu a bayansa. Ya roƙi shugabannin coci da gwamnan jiha su sa baki a sake shi, kamar yadda kowa zai yi. Sannan cikin murya kwance ya ce bai karaya ba domin komai a hannun Allah yake, ya ce masu tsare shi ba su wulaƙanta shi ba, ya ce in Allah ya yarda zai koma wurin matarsa da 'ya'yansa, in kuma bai yarda ba to nufinsa ke nan, ya roƙi iyalinsa kada su yi kuka, su gode wa Allah. An kashe shi ranar 20 ga Janairun 2020.